Keken Baba a Hanyar Kona

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, a Tasawa, kamar yadda ake yi. Bayan an gama wanka ma ban koma ɗakina a Kanan-Bakashe da wuri ba, don Inna ta ce yarinyar ba ta yi ƙwari ba, maigidana kuma bai ja da ita ba. Shi ya sa abin da ya samu keken Baba a gaban idona ya faru, daga farkonsa har inda ya tsaya.

Baba aikin allurar dabbobi ya yi har ya ajiye, shi ya sa duk gari Likita ake ce masa. Yawon rugage ne aikin, a can kuma ya samu aminin da ya fi kowa a wurinsa, wani Bafillace da ke zaune da shanunsa a gefen Kona. Mu Baffa muke ce masa, matarsa kuma Goggo. Asalin gidanmu Barebari ne, ko da yake ba mai iya ko gaisuwa da yaren, amma wannan ɗan asalin ya ishe su wasa shekara da shekaru. Baffa ya ce Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsikarar shanun mutane don a ba shi nono. Baba ya ce bai taɓa ganin mai garke guda da ke kwana da yunwa don tausayin saniya ba sai Bafillace.

Ina da ciki idon Baffa ya daina gani gaba ɗaya. A da shi ke zuwa Tasawa ranar kasuwa, ya sauka gidanmu, ya ci tuwon Inna yana kushe miyar. Da ido ya ƙi, sai zuwan ya koma kan Baba shi kaɗai. Kowace Alhamis in ya dawo daga sallar asuba ya sha koko, sai ya fitar da keke, ba mu sake ganinsa sai gab da magariba. Na taɓa tambayarsa abin da suke yi yini guda. Ya ce ba komai, zama. Can kuma ya ce in shanu sun taho rijiya yakan tsaya ya faɗa wa Baffa yadda kowace take, wadda ta rame, wadda ke ɗingishi, wadda cikinta ya fito, don ƴaƴansa ba sa faɗa masa sai mai daɗi. Baffa na jin kukan kowace ya san ta, amma da kunne ba a ganin haƙarƙari.

Keken ba irin na kowa ba ne. Siriri ne, shuɗi, kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, tayoyinsa ba kauri. A Maradi Baba ya saye shi cikin kayan gwanjo, shekarar da gwiwarsa ta dama ta fara ciwo, ina ajin ƙarshe a kolej. Mutanen unguwa sun sha dariya, tsoho da farin gemu a kan keken ƴan tsere. Shi kuwa ba gudu ya saya ba. A ƙafar baya akwai fayafayai masu haƙora a jere, daga ƙarami zuwa babba, da wani ɗan ƙarfe rataye a ƙarƙashinsu, derayar yake ce masa, wanda ke ɗauke sarƙa daga wannan faifai ya aza ta a wancan. A jikin bututun da ya gangaro daga kai zuwa feda akwai ƴan hannuwa biyu ƙanana. In aka ja na dama, sai wata siririyar waya da ke bin bututun tsirara har baya ta ja derayar. Wannan shi ne canza bites, wato giyar keke. In sarƙa ta hau babban faifai sai feda ta yi laushi, ƙafa ta yi ta juyawa ba nauyi, keke na tafiya sannu a hankali. Da wannan laushin Baba ke haye tudun da ke hanyar, da shi kuma yake ratsa wuraren da yashi ya hau titi. Ba don shi ba, gwiwar nan ba ta kai shi ko bakin gari.

Yayana, babban ɗan Baba, ɗan kasuwar hatsi ne, yana da moto, wato babur. Ya yi tayin kai Baba ruga ya fi a ƙirga. Baba ya ce mai moto kullum yana da wani wurin zuwa, shi kuwa ziyara zai tafi, ba saƙo zai kai ba. Ya kuma ce yana kyautata zaton zumuncin da mutum ya kai da ƙafarsa ladansa daban ne, kada a rage masa. Yaya ya ce to feda ma ai ba ƙafa ba ce. Baba ya ce ya hau ya gani.

Goggo ba ta taɓa barinsa ya dawo hannu wofi ba. Nono ne kullum, a gora, an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma don kada rana ta dafa shi. Keken ba shi da wurin ɗora kaya a baya, sai a rataye gorar a tsakiya, cikin filin nan da ke tsakanin bututan, inda ba ta taɓa ƙafa. Baba bai taɓa tsayawa ya ga ana ɗaurin ba. Baƙo ba ya kallon kyautar da ake shirya masa, a ruga kuma abin ya fi tsanani, kallo ɗaya sai a ce kwaɗayi. Yana can riƙe da hannun Baffa suna sallama, ana ɗaurawa a bayan bukka, a turo masa keke, ya yi kamar bai ga komai ba, ya hau. In ya iso gida kuma yana sauri ya samu alwala, sai ya jingine keken a zaure ya wuce. Ni ke kwancewa, don Inna ta ce ɗaurin Goggo ya fi ƙarfin yatsunta. Ɗaurin jaki take yi masa, igiya sama, igiya ƙasa, ta ja ta tamke yadda gorar ba za ta yi ta kaɗawa har nonon ya tsinke ba. Kullum sai na yi fama, kullum kuma sai wayar nan ta cije mini farce a ƙarƙashin igiyar. Har tsaki nake yi mata.

Wata Alhamis ya dawo ana kiran salla, rigarsa sharkaf da zufa, ya ce keken ya yi masa gardama. In ya ja hannun don feda ta yi laushi, sai sarƙa ta ƙi hawa, ta tsaya tana karkarwa tsakanin faifai biyu. In ta hau kuma, yana tsakiyar tudu sai ta zame da kanta, ƙafarsa ta daki nauyi ba shiri. Ya sauka ya duba ƙafar baya bai ga komai ba. A tafiya lafiya lau, a dawowa ne abin ya taso.

Da safe ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a tsakar gida ya kifa keken. Ya wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, ya yago tsumma siriri yana zura shi tsakanin fayafayan yana fitar da baƙin yashi, ya ɗiga mai. Ni ina goye da yarinya ina juya feda da hannu, shi yana jan hannun. Sarƙa ta hau ɗaya bayan ɗaya har sama, ta sauko ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, kamar mai jan carbi. Ya goge hannu ya ce yashi ne, an gama.

Alhamis ta zagayo, ya dawo da labari iri ɗaya.

Sai ya ce watakila ɗan hannun ne ya saki, ya ƙara matse notinsa har ya yi tauri. Bai hana ba. Ya dubi haƙoran fayafayan ɗaya-ɗaya da tabarau ko sun cinye, ya ɗaga sarƙa ya gani ko ta yi tsawo. Daga nan ya tura keken wurin mai gyara na bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, mai ladabi, duk kekunan unguwarmu shi ke riƙe da su, amma yawancinsu baƙaƙen nan ne masu faifai ɗaya. Ya sa turnabis ya murɗa ƴan notina biyu da ke jikin derayar, ya hau ya zaga kasuwa ya dawo, ya ce, Likita, wannan ai ya fi nawa lafiya. Wani makon ya canza wayar da sabuwa. Wani makon ya ce derayar ya ɗan karkace, ya kama shi da filaya ya miƙe. Kowane gyara sai keke ya yi daidai a gari, ya yi daidai har ruga, ya tayar da rigima a hanyar gida. Yawan murɗawar nan ma, ina zato, ta fara ɓata abin da da yake lafiya, don daga baya ko a tsakar gida sai na ji ɗan ƙara da da babu.

Abin da ya fi yi mini zafi in na tuna ba keken ba ne. A hankali mutanen gida suka daina yarda da Baba. Inna ta faɗa mini a madafa, ƙasa-ƙasa, cewa keken lafiyarsa lau, mai keken ne ba ya son ya ce ya gaji. Yaya bai ma yi ƙasa da murya ba. Yana zaure yana faɗa wa maƙwabcinmu cewa ƙarfe bai san safe da yamma ba, abin da ke lalacewa da yamma kaɗai ai ƙafar tsoho ce. Baba na ɗaki yana ji. Da ya fito bai yi faɗa ba. Ya zauna yana sa takalmi, ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Na san gajiya, na kuma san ƙarfe. Wanga ba gajiya ba ne."

Ni kaina ban san inda zan sa zuciyata ba. Da hannuna na juya fedar nan na ga sarƙa na hawa sumul. Kuma ban taɓa jin Baba ya faɗi abin da ba shi ba. Sai na koma ga abin da na iya, duk Alhamis in na idar da la'asar in daɗe a kan tabarma ina roƙa masa sauka lafiya.

Ranar da ya faɗi, a amalanken wani mai kara aka kawo shi, keke a sama, shi a gefe yana riƙe da gwiwar hannu. Sarƙa ce ta tsallake babban faifai ta faɗa cikin wayoyin taya, tayar ta cije, ya kife cikin yashi. Allah ya kiyaye, ƙujewa ce kawai. Gorar ko tsagewa ba ta yi ba. Inna na wanke masa ciwon yana cewa dubi ikon Allah, nonon Bafillace ya fi ƙashin Babarbare tsari. Shi kaɗai ya yi dariyar. Yaya na tsaye bakin ƙofa, na ga idonsa ya yi ja.

Cikin makon aka yi rasuwa a dangin Inna a Mayahi, Baba ya tafi gaisuwa a mota, ya kwana can. Yaya ya zo ya ɗauki keken bai ce da kowa komai ba, sai ni da ya tarar a zaure ya ce zai kai a raba tsoho da wahala. Na ɗauka wani mai gyara ya samo. Ashe wurin na bakin kasuwa ya kai, ya ce masa ya gaji da murɗe-murɗe, a yi wa abin magani gaba ɗaya. Mai gyara kuwa ya yi abin da ake yi wa duk keken bites da ya shigo ƙasarmu ya fara gardama. Ya cire derayar, ya cire ƴan hannuwan da wayoyin, ya yanke sarƙa ya rage mata tsawo, ya ɗaure ta a kan faifai ɗaya na tsakiya. A wurinsu wannan shi ne gyara na ƙwarai, don abin da babu ba ya lalacewa. Kekuna da yawa a Tasawa haka suke, za ka gan su da fayafayai a jere sun yi tsatsa, sarƙa na kan guda tun shekaru.

Da Baba ya dawo ya tarar da shi a jingine, an wanke shi har yana ƙyalli. Ya tsaya. Ya kai hannu inda ƴan hannuwan suke, ya shafa wurin. Yaya ya matso da fara'arsa yana bayani, yanzu ba zamewa, ba faɗuwa, ko yaro ya hau. Da gaske yake murna, don tsoron da ya ji ranar amalanken bai sake shi ba. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce Allah ya yi masa albarka. Sai da Yaya ya fita ya tambaye ni ko an dawo da ƙarafan. Na ce ban gani ba. Ya ce to.

Alhamis ya fita kamar kullum. Inna ta ce ya bari ciwon hannun ya warke, ya ce mutumin na can yana jira, tun makon jiya bai san halin da shanunsa ke ciki ba.

An idar da magariba bai iso ba. Muna tsaye ƙofar gida da Inna sai ga shi daga nesa yana tura keken, yana jan ƙafar dama. Tudun a ƙasa ya hau shi, tafiya da dawowa, wuraren yashi ma duk a ƙasa, inda ya hau kuma kowane taki sai ya ji shi har cikin ƙashi. Ya miƙo mini keken ya dafa bango ya shiga.

Na durƙusa a zaure zan kwance gorar. Na kwance igiyar sama, na ɗaga tsumman, na zura yatsa ƙarƙashin igiyar ƙasa, sai yatsan ya shige sumul. Ba abin da ya cije ni. Na tsaya da hannu a wurin ina mamakin abin da ya canza, sai na tuna wayar ce babu. A nan, a kan bututun nan, ƙarƙashin igiyar nan take bi. Duk makonnin nan Goggo na tamke gora tare da wayar bites, tana danne ta a jikin ƙarfe. In Baba ya ja hannu waya ba ta tafiya yadda ya kamata, in keke ya yi tsalle a gargada nauyin gora ya fizge ta, sarƙa ta zame. Ni kuma ina kwancewa kafin kowa ya duba, da safe a kai wa mai gyara keke mai lafiya. Na kawo fitila na haska. Fentin wurin ya goge, ga sawun igiya a gicciye, ga siririn layi a tsaye inda waya ta yi ta gurzar ƙarfe.

Na bar shi ya yi salla, a zaune ya yi ta. Inna ta kawo ruwan zafi tana gasa masa gwiwar da ta kumbura. Da ta tashi sai na turo keken har bakin ɗakinsa, na mayar da igiyar yadda na same ta, na nuna masa sawun. Ban yi dogon bayani ba, bai kuma buƙata ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce da can Baffa ke ɗaura masa da hannunsa, maɗauri ɗaya a bututun sama, gora na lilo. Bayan idonsa ya tafi ya ɗan ci gaba da yi da lalube, daga baya Goggo ta karɓa. Ya lissafa a ransa, ni ma na lissafa, lokacin ya zo daidai.

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, maganar ga ta tsaya nan. Kada ta kai ruga."

Na ce ko Yaya a faɗa masa, ya san ba gajiya ba ce.

Ya ce, "In ya ji, matarshi ta ji, in ta ji kasuwa ta ji. Tsohuwar nan don kada nonona ya zube take ɗaurin. In ta ji ita ta kashe mini keke, da wane ido za ta kalle ni? Bari su ce tsufa ne. Ai ba ƙarya suka yi ba, na tsufa."

Sai ya yi ɗan murmushi ya ce amma fa ya faɗa mana ƙarfe ne.

Da gari ya waye ya aike ni da kaina wurin mai gyara, na sa hijabi na tafi. Mutumin ya tashi tsaye ya gaishe ni, ya tambayi jikin Likita, ya zazzage gwangwanin da yake tara ƙarafa. Ƴan hannuwan na nan. Derayar kuwa ya riga ya wargaza shi, ya ciri noti ya sa wa wani birki, ƴan ƙananan ƙafafunsa biyu ya ba wani, sauran gangar jikin ya miƙo mini a tafin hannu. Ya ce da ya san ana so da bai taɓa ba, shi a ganinsa mataccen abu ne. Na ga ya ji kunya ƙwarai, har ni na koma ba shi haƙuri.

Baba ya ce wa Yaya yana son bites ɗinsa ko da gardamarsu, bai faɗi dalili ba. Yaya bai so ba, amma da ya ga yadda gwiwar ta yi ya shiga nema. Ya samo wani a Maradi, aka zo ɗaurawa bai dace da ƙugiyar keken ba. Ya ba wani direba sautu, aka kawo wani na manyan kekunan nan masu faɗin taya, ga shi kuma sai an nemo doguwar sarƙa siririya, irin da ba a samu a kasuwarmu. Ana cikin haka sai lokacin komawata ya yi, maigidana ya zo da ƴan'uwansa mata suka ɗauke ni. Daga Kanan-Bakashe na riƙa jin sauran labarin, wani a waya, wani in na zo.

An dai haɗa keken daga baya, da wani abu mai kama da na da. Amma gwiwar ba ta koma ba. Tafiyar nan guda ta taɓa wani abu a ciki, likitan asibiti ya ce ruwa ya taru, ya hana shi taka feda. Baba ya gwada a ɓoye har bakin titi, ya dawo yana tura shi.

Sai ya yarda da moto. Yaya ya kai shi sau da dama, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa, amma ɗan kasuwa ne, wayarsa ba ta shiru. Ya zauna a gindin itace yana amsa kira, yana duban rana, tsofaffin biyu na jin sa. Kafin shanu su taho rijiya an tashi. Baba ya ce mini Baffa da kansa ke cewa, tashi ka tahi, kada ka tsare yaro da aikinshi. Aka gwada ɗan kabu-kabu ya kai shi da safe ya komo da yamma, wata rana ya zo, wata rana ya manta, girgizar hanya kuma na tayar masa da ciwon baya ya yi kwanaki a kwance. Ziyarar mako ta koma ta wata, ta wata ta koma ta salla. Ba wanda ya yanke shawarar haka, ta ragu ne kawai muna kallo.

Bayan damina biyu babban ɗan Baffa ya kwashe gidan ya koma wajen Korgom, inda ya ce kiwo ya fi sauƙi. Ban sani ba ko da Baba na zuwa duk Alhamis da tsohon ya ƙi tashi. Shi dai Baba yana ganin da ya ƙi tashi. Ya ce mutum ba ya barin wurin da ake zuwa neman sa.

Na sha zama ina juya abin, musamman in ina tankaɗe ko ina tsince shinkafa, aikin da hannu ke yi shi kaɗai. Ba wanda ya yi mugunta a ciki. Goggo ta ɗaure don ƙauna, Baba ya kawar da kai don kunya, Yaya ya ji tsoro, mai gyara ya yi abin da ya gada. Da sau ɗaya Baba ya shigo da keken tsakar gida da gorarsa a jiki ya ce a juya feda, da an gani. Da ranar nan da ya faɗi an sauke keken daga amalanke an duba kafin a kwance kaya. Ina yin istigfari in na kama kaina cikin wannan da-da ɗin, don na san abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Amma zuciya ba ta jin karatu kowane lokaci.

Su biyun suna raye har yanzu, alhamdu lillahi. Da sallar layya da ta wuce ina gida, jikan Baffa ya kira wayar Yaya ya ce tsoho na son magana. Aka kai wa Baba, ya riƙe ta da hannu biyu. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da jiki da ruwa. Baba ya ce, Bahillace, an yanka ko an ji tausai? Na jiyo dariyar Baffa siririya daga can. Sai Baba ya tambayi shanu. Baffa ya ce yara sun ce lafiya lau suke. Daga nan suka yi shiru, kowa na riƙe da tasa wayar, mu kuma muna tsaye muna jira. Mutanen da suka saba yini a inuwa ɗaya ba tare da dole sai an yi magana ba, waya ba ta ba su wurin yin haka. Can jikan ya karɓa ya ce to Baba, sai an jima. Baba ya ci gaba da riƙe ta a kunne har Yaya ya sunkuya ya ce masa an kashe.